Verna ta Bangon Dama

A kulob ɗinmu na sikwash, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo a bango da madoki mai raga da ake kira raket, a birnin Hamilton, da zarar watan Janairu ya kama, kunya takan ƙare a kan maganar shekaru. Mutumin da ya shekara yana shafa wa gashinsa baƙin rini, sai ka ji shi a ɗakin canza kaya yana shelar cewa saura ƙiris ya cika saba'in. Dalili kuwa Gasar Ɗari ce, wadda ake yi duk Fabrairu. Biyu-biyu ake shiga, kuma dole in an haɗa shekarunka da na abokin wasanka su kai ɗari ko su wuce. Nan da nan tsofaffi sai su yi tsada. Mai tamanin yakan zauna yana yanga, 'yan ashirin suna ta yi masa fadanci.

A irin wannan lokaci ne Verna Tkachuk ta tare ni a matakala, jaka a kafaɗata, ko hular sanyi ban cire ba. Ba gaisuwa ba komai, ta tambaye ni shekaruna. Na ce arba'in da ɗaya. Ta ɗaga ido sama tana lissafi, ta ce ita sittin da uku, mun haye ke nan har da rara. Ta ce ta ga wasana a bangon hagu, ƙafata ba laifi, kaina ne dai babu komai a ciki, amma wannan ita za ta ji da shi.

Na ce, "Ai ban ce na yarda ba."

Ta ce, "Ni ma ban tambaye ka ba, yaro. Talata da yamma. Ka zo da tabaran kare ido, ba na wasa da mai ganganci."

Haka na zama abokin wasanta, kuma har gobe ina alfahari da hakan, ko da yake a lokacin na yi ta ƙunƙuni har na isa gida.

Verna 'yar arewacin gari ce, unguwar da ke gindin masana'antun ƙarfe, inda in ka shanya farin zane da safe sai ka kwashe shi ruwan toka da yamma. Mahaifinta daga Yukren ya zo, a bakin wutar narka ƙarfe ya ƙare ƙuruciyarsa. Mahaifiyarta kuwa duk Juma'a tana ƙasan coci tare da sauran mata suna naɗa firogi, wannan ƙullin fulawa mai dankali da cuku a ciki. Verna ce babba cikin su biyar, ita ta yi rainon sauran, shi ya sa har yanzu in ta yi maka magana sai ka ji kamar an aike ka shago ka daɗe. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuƙa bas ɗin birni, yawanci a layin Barton. Waɗanda suka hau motarta suna cewa ba ta taɓa jiran mai tafiyar ƙasaita ba, amma tsohuwa mai sanda ko daga ƙarshen layi ta hango ta sai ta tsaya, masu mota na baya su yi ta oda har su gaji.

Mijinta Walt ya rasu tana da arba'in da biyu, ba su haihu ba. A shekarar ne likita ya ce mata kujerar bas ta ci bayanta, ko ta nemi abin motsa jiki ko ta nemi keken guragu. Ita da kanta ta faɗa min cewa ba don bayan ta zo kulob ba. Gidan ne ya yi mata shiru da yawa, tana neman wurin da ake hayaniya kuma ake dukan wani abu ba tare da an kira 'yan sanda ba. Da ta shigo ba ta san ko riƙon raket ba. Cikin 'yan shekaru babu mai son haɗuwa da ita a bangon dama.

A wasan biyu-biyu kowa da bangonsa, kuma mutum yakan tsufa a kansa. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, duk muna dukan ƙwallo ɗaya a bangon gaba. Na damanku yana raba bango da na daman abokan karawa, kafaɗa na gugar kafaɗa, wannan ya buga ya kauce, wancan ya shigo. Don haka wanda kuke raba bango da shi ya fi abokin wasanka sanin warin guminka. Verna ba ta da gudu, gwiwarta ta dama kullum a ɗaure take. Abin da take da shi ido ne da rashin tausayi. Tana ganin inda ka fi rauni, can za ta yi ta aika maka ƙwallo har ka tsani ranar da aka haife ka. Amma ban taɓa ganin mai gaskiya irinta a ɗakin wasa ba. A zagayen farko-farko na gasa ba a sa alƙali, 'yan wasa ke yi wa kansu hukunci. In ƙwallo ta dira sau biyu kafin ta kai gare ta, ita ce za ta fara ɗaga hannu, ko da kuwa babu wanda ya gani. Kuma irin wannan gaskiyar take nema a wurin kowa, shi ya sa ba kowa ke sonta ba.

Ni kaina sai da na sha. Duk Talata tana bayana tana faɗa: na cika son burga, na cika duka da ƙarfi kamar mai faskare, wa ya ce min ƙarfi ne wasa? Ran nan na fusata na jefar da raket na ce ta nemi wani. Ta ɗauko shi ta miƙo min, ta ce babu wani ɗan arba'in da ɗaya da ya rage, in yi haƙuri da ita kamar yadda take haƙuri da ni. Washegari dusar ƙanƙara ta rufe gari, matata na kwance ba lafiya, ina leƙowa ta taga sai ga Verna da shebur tana share min ƙofar gareji. Ba ta ko ƙwanƙwasa ba, tana gamawa ta shiga tsohuwar motarta ta tafi.

To, a wannan shekarar duk kulob maganar mutum ɗaya ake yi, Lorne Haldane. Yana da saba'in da takwas, tsohon mai shagon kayan gini ne, kuma sunansa na jikin allon zakaru a wurare da dama. Shi ma ɗan bangon dama ne, ya fi shekara arba'in a kansa. A da babu mai gardama irin Lorne. Zai yi musu da kai a kan maki, a kan siyasa, a kan ko miyar ranar Laraba ta ji gishiri. Sai ciwon karkarwa ya kama shi. Hannunsa na hagu ya riƙa rawa, fuskarsa ta sandare, muryarsa ta yi ƙasa, wani lokaci ƙafafunsa su manne da ƙasa sai ya yi da gaske kafin su ɗaga. Tun daga nan mutane suka canza masa. Kowa na riƙe masa ƙofa, kowa na yi masa magana a hankali kamar ana lallaɓa jariri. Duk abin da ya faɗa sai a ce haka ne, Lorne, gaskiyarka. Shekara uku babu wanda ya musa masa ko sau ɗaya.

Likitansa ya ce wannan hunturun ne na ƙarshe da zai bar shi ya shiga ɗakin wasa. Sai Lorne ya sa 'yarsa Colleen, mai shekara arba'in da bakwai, ta rubuta sunansu a Gasar Ɗari. Colleen gwana ce a bangon hagu, tun tana makaranta take bugawa. Ta ba da labari a kulob cewa ta so a shirya masa liyafar ban kwana, ya ƙi. Ya ce mata shi wasa yake so ya buga, na gaske, sau ɗaya kafin a rufe masa ƙofa. Kowa ya ji maganar, kowa ya gyaɗa kai, kuma kowa ya fahimce ta a bai-bai.

Ranar Juma'a da rana suka yi wasansu na farko da wasu mutum biyu. Ba zan kama sunansu ba, mutanen kirki ne, kuma da zuciya ɗaya suka yi abin da suka yi. Barandar 'yan kallo da ke saman bangon baya ta cika maƙil. Ni da Verna muna tsaye a gefe. Abin da aka saba a gasa shi ne a matsa wa mai rauni, kowa ya san haka, babu mai jin haushi. Su kuwa sai suka juya abin. Duk ƙwallo Colleen suke aika wa. In ta kuskure ta nufi Lorne, to a hankali take zuwa, daidai kan raket ɗinsa. A ƙasan bangon gaba akwai kwanon da in ƙwallo ta taɓa shi ka faɗi maki, ƙararsa ce ke tona asiri. Mutanen nan suka yi ta dukan kwanon nan da gangan, suna dafe goshi wai takaici. Lorne da Colleen suka ci. Baranda ta kaure da tafi, har da masu share hawaye.

Ni ma na tafa, don a ganina abu ne mai kyau aka yi. Verna ba ta tafa ba. Cingam take tauna, idonta a ƙasa kan Lorne, wanda ke tsaye a tsakiyar ɗaki yana kallon igiyar takalminsa. Daga baya na gan shi a kan benci a ɗakin canza kaya, ana ta zuwa ana dafa masa kafaɗa, yana cewa na gode, na gode. Bai cire kayan wasan ba, bai shiga wanka ba, ya daɗe zaune a wurin bayan kowa ya watse.

Mu ma mun ci namu wasan a ranar, sai jadawali ya haɗa mu da su Lorne washegari da safe. Tun kafin in kai mota shugaban gasar ya ja ni gefe, ya ce ai na san halin da ake ciki, ba sai ya yi dogon bayani ba. Ya ce in lallaɓa Verna, tunda ni take ɗan saurara. Dariya ta kusa kama ni, amma na ce to.

Da safe na same ta a lungun bayan ɗakin wasa, ƙafa a kan kujera, tana ɗaure gwiwa. Na fara kewaye-kewaye. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta ce duk ƙwallon da ta zo hannuna in tsallaka da ita bangon Lorne. In ɗaga masa sama ta bayan kai, in ya ja baya in sauke masa a gaba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Verna, mutumin nan fa ba shi da lafiya. In ya faɗi fa?"

"In ya faɗi ya tashi. In ya kasa mu ɗaga shi."

"Mutane za su ce ba mu da imani."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ka ga rigarsa jiya da aka tashi? A bushe take ƙamas. Mutum ya buga turmi uku bai yi gumi ba, kuma kana tsammanin bai san abin da aka yi masa ba? Jikinsa ne ke rawa, yaro, ba hankalinsa ba. A gasa ya rubuta suna."

Ta ce in ba zan iya ba in faɗa tun yanzu, ta je ta janye sunanmu, don ita ba za ta shiga ɗaki ta yi wa Lorne Haldane ƙarya ba. Na ce zan yi. Gaskiya ban gamsu ba, tsoronta ne kawai ya fi na shugaban gasa yawa a zuciyata.

Aka shiga. Verna ce ta buɗe wasa, ta ɗaga ƙwallo can sama ta sauko a lungun baya na dama, wurin da ko mai lafiya sai ya yi da gaske. Lorne ya kai duka ya sami iska. Da zagayen ya dawo kansa ta sake yi masa irinta. Ni kuma duk wadda ta zo min na tsallaka masa kamar yadda aka umarce ni. Colleen, da muke raba bangon hagu da ita, ta zunguro ni da gwiwar hannu a haƙarƙari, ta ce ƙasa-ƙasa ashe haka nake, ba ta sani ba. Daga nan ta fara barin bangonta tana rugawa ta tare wa mahaifinta ƙwallo. Ta yi sau biyu, a na uku ya tsayar da ita da raket.

Ya ce, "Koma bangonki."

"Baba, ai taimaka maka nake."

"Na ce ki koma bangonki."

Turmin farko ko rabin maki goma sha biyar ɗin da ake cin turmi da su ba su kai ba. Na ji tsaki daga sama, na ji wata na cewa wannan ai rashin tarbiyya ne. Verna ko a jikinta. Da aka dawo turmi na biyu, suka yi karo da Lorne a jikin bango, maimakon ta ba shi haƙuri sai ta ce ya matsa mata, tsoho, ya tare hanya kamar motar shara. Na ce a raina shi ke nan, yau sai an kore mu daga kulob. Lorne ya juyo a hankali, da wannan fuskar tasa da ba ta motsi, ya ce mata shekara talatin tana tuƙi amma har yau ba ta san hannunta ba. Muryar ƙasa-ƙasa ce, amma mu uku mun ji.

A tsakiyar turmin ne ya faɗi. Na sauke masa wata gajeriya a gaba, ya yunƙura, ƙafar ta ƙi ɗagawa, ya tafi gaba ɗaya ya dira a kan gwiwa. Jini ya ɓata masa farar safa. Colleen ta yi kansa, mutane biyu suka sauko da gudu suna buga ƙofa. Ni kam na riga na yanke cewa na gama. Verna ta tsaya a kansa, ba ta taɓa shi ba. Ta tambaye shi ko kansa ya bugu, ya ce a'a. Ta ce to makin namu ne, ya tashi, sanyi na kama mata gwiwa. Waɗanda ke sama bayanta kawai suke gani. Ni da ke gabanta na ga yadda muƙamuƙinta ke rawa, na ga ta riƙe raket da hannu biyu don kada a lura. A lokacin ne na gane abin nan yana ci mata rai fiye da kowa a ɗakin, kuma daga nan ban ƙara jin haushinta ba.

Lorne ya ture hannun 'yarsa, ya dafa bango ya miƙe. Aka manna masa filasta, ya ce a rufe ƙofa.

Wani abin mamaki da babu wanda ya zata, har Verna: ƙwallo mai gudu ta fi masa sauƙi. In ta zo a hankali sai ya tsaya tunani, ƙafafun su manne. In ta zo da wuta kuwa jikin ne ke tafiya da kansa kafin ciwon ya farga. Da muka matsa masa sai tsohon hannun ya fara dawowa. Ya ɗaga min wata ta bayan kai, na juya ina nemanta kamar wanda hularsa ta faɗi a kasuwa. Ya sauke wa Verna wata a kusurwa, ta bi ta da ɗingishi ba ta kai ba, ta zage shi, shi kuma ya ce ta gaida gida. Mun ci turmi na biyu, amma da gumi. Rigarsa ta manne masa a baya, numfashinsa har baranda ana ji.

A turmi na uku Colleen ta daina kallon mahaifinta, ta koma wasanta, kuma da fushi take bugawa. Duk haushin a kaina ta sauke shi. Baranda ma ta canza, aka bar tafin tausayi aka koma ihu irin na gasa, wasu na kiran sunan Lorne, wani na cewa ya kashe ta. Muka yi ta tafiya kai da kai har muka kai goma sha huɗu, su goma sha uku. Maki ɗaya ya rage mu gama da su.

Aka yi doguwar musaya. Verna ta buga wata ta bi bango, Lorne ya tare ta tun ba ta sauka ba, ya yanka ta ƙasa-ƙasa zuwa kusurwar gaba. Ƙwallon ta mutu a wurin, babu mai iya kai mata. Baranda ta tashi tsaye. Amma akwai wata 'yar ƙara da ta fito, siririya, wadda ni kaina har yau ba zan rantse a kanta ba. Verna ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ta taɓa kwano."

Wallahi da za a ba mutanen sama dutse a lokacin da sun jefe ta. Bugun da ya fi kowane kyau a gasar, daga hannun mutumin da ba zai sake bugawa ba, a ce ba za ta bar masa ba? Ni ma na matsa kusa na ce ta bari mana. Ko kallona ba ta yi ba.

Lorne ya tako har gabanta. Ya ce, "Ta haye."

"Ta taɓa, Lorne. Na ji da kunnena."

"Kunnen da injin bas ya kashe? Ta haye da faɗin yatsa biyu."

"Yatsun wa? Naka da ba sa tsayawa wuri ɗaya?"

Colleen ta rufe baki da hannu. Ni na nemi inda zan shige na rasa. Lorne kuwa wuyansa ya yi ja, muryar nan da ta shekara uku a maƙale ta fito har ta cika ɗakin. Ya kira ta makauniya, ya kira ta ɓarauniyar maki, ya ce tun ranar da ta shigo kulob ɗin nan ya san za a yi haka. Ita ma ba ta rage masa ba. Da dai babu alƙali kuma kowa ya kafe, sai aka bi al'ada, aka ce a sake buga makin. A sakewar Verna ta ɗaga masa ƙwallo can lungun baya, ya juya bai kai ba. Wasa ya ƙare.

Ya ba ni hannu, ya sumbaci 'yarsa a goshi. Da ya zo kan Verna ya riƙe hannunta ya ƙi saki, ya ce kada ta ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ɗin ba kuwa. A ɗakin cin abinci suka zauna teburi ɗaya, filasta a gwiwarsa, tawul a wuya, yana jera kwalbar gishiri da ta barkono yana nuna mata inda ƙwallon ta bi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kamo shi ya ba da shaida. Wanda ya ce gaskiyarka Lorne don a zauna lafiya, sai ya kore shi ya ce bai ga komai ba. Ya cinye farantinsa tas, ya sa hannu a dankalin Verna.

Mu kuma da yamma aka fitar da mu a zagaye na gaba, wasu suka yi mana dukan kawo wuƙa, kuma bangon Verna suka yi ta bi saboda gwiwarta. Ba ta yi ƙorafi ba. Makonni bayan haka akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwarta a kulob, shugaban gasa ma ya daɗe yana ɗaure min fuska. Colleen ba ta yi mata magana a ranar ba. Sai da aka kwana biyu ta kira ta a waya, Verna ta ce min ba su yi wata doguwar magana ba, kuka kawai yarinyar ta yi ta yi, ita kuma ta riƙe waya tana jira ta gama.

Yanzu Lorne yana gidan kula da tsofaffi a unguwar da ke saman dutsen garin, ba ya iya tafiya sai a keke, maganarsa ma sai ka kai kunne bakinsa. Verna na zuwa duk Alhamis da firogi a roba. Kwanan baya motarta ta lalace, na kai ta. Mun tarar da shi a bakin taga, bargo a cinya, Colleen na gefensa tana ba shi shayi da cokali. Ma'aikatan wurin sai magana suke masa da muryar lallashi, shi kuma idonsa na kan bango, kamar ba ya nan. Verna ta ja kujera ta zauna gabansa, ta ce ya rame, kuma askin da aka yi masa bai yi kyau ba.

Idonsa ya dawo kanta. Ya daɗe yana haɗa ƙarfi, sannan ya ɗaga hannun dama daga kan bargo, ya miƙe yatsu biyu suna rawa. Leɓensa ya motsa. Colleen ta sunkuya ta saurara, ta ɗago ido cike da ƙwalla.

Ta ce, "Wai ta haye."

Na dubi Verna, ina roƙonta da ido. Mutumin nan ko shekara ba lallai ya ƙara ba, me zai ragu a jikinta in ta ce masa haka ne? Ta kama hannun nasa ta riƙe cikin nata biyu, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Ta matsa kusa da kunnensa don ya ji da kyau.

Ta ce, "Ta taɓa kwano, tsoho. Ka sake shiri mako mai zuwa."

Kafaɗunsa suka fara girgiza, har Colleen ta tsorata ta ajiye kofin shayin. Sai da muka duba da kyau muka gane dariya yake yi.